Gafiyar da Ba Ta Amsa Sallama

Kai ma kana wurin. Kada ka ce mini ba ka san kafen intanet ɗin ba, domin duk irinsa ɗaya ne: bene, matakala mai duhu, fanka mai kuka, kwamfutoci a jere jikin bango. Kana zaune ranar da aka fara kiran wani mutum "inji" don kawai ya fi ku iya wasa. Ka ji da kunnenka, sai ka ƙara sautin abin sauraronka. Ranar da aka ja shi ƙasa da wuyan riga kuma ka ce ai gem ne kawai, ba ruwanka. To, zauna ka karanta abin da ba-ruwanka ya jawo.

Da hantsi aka kawo mutumin ofishin 'yan sanda. Taron 'yan wasa ne suka turo shi gaba, rigarsa a yage, leɓensa a fashe. Hannunsa na dama yana rataye a gefensa kamar ba nasa ba.

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗaga tabarau.

"Wa ya dake shi?"

Kowa ya sami abin kallo a silin.

"To, wa ya kawo ƙara?"

Wani mai tumbi ya matso yana share gumi. Shi ne Mai Kafe. "Ni ne, yallaɓai. An sace mini kwamfuta. Na buɗe da safe na tarar babu ita. Ba a fasa ƙofa ba, kuma wannan yana da makulli."

"Sunansa?"

"Hagu muke ce masa. A da mai walda ne, inji ya lalata masa hannu."

Kafin Sufeto ya sake magana, wani dogo mai farar riga tsaf ya ratso taron. Mai gyaran waya da kwamfuta ne, shagonsa yana ƙasan kafen, kuma shi ne shugaban ƙungiyar 'yan wasan. Tsintsiya suke kiransa, saboda bakinsa ba ya rabuwa da cewa a share masu maguɗi.

"Ranka ya daɗe, ba sata kaɗai ba ce," in ji shi. "Wannan mutumin mai bot ne. Saboda shi kamfani ya rufe mana akawun, mu duka. Mun yanke shawarar yau za mu duba kowace kwamfuta mu gano wadda aka sa wa manhajar. Sai ya riga mu, ya ɗauke ta."

Kofur, da ke rubuta bayani a kanta, ya dakata. "Yallaɓai, bot ɗin nan sunan mutum ne ko na dabba?"

Suka yi ca, kowa na bayani. Da ƙyar Sufeto ya tsinci zaren. Wasa ne na intanet: kowa da jaruminsa, ana shiga koguna ana kashe dodanni, ana tsintar zinare da makamai. Duk bayan 'yan watanni kamfani yakan buɗe sabon zango, kowa ya koma hannu rabbana, a yi tseren hawa saman allon suna kafin zangon ya rufe. Bot kuwa manhaja ce da ke yin wasan da kanta, ba barci ba gajiya, tana tara zinare don a sayar wa masu gaggawa. Nasu bot ɗin har suna gare shi. Wata jaruma ce mai suna Gafiya, kullum tana zagaye kogo ɗaya, ba ta taɓa amsa sallamar kowa ba.

"Me ya sa kuka ce tasa ce?"

"Dubi hannunsa mana!" in ji Tsintsiya. "Mutum mai hannu ɗaya, shi ne na biyu a allon zango? Ga wata na'ura da yake jonawa a ƙarƙashin tebur. Kuma duk an rufe mu, shi kaɗai aka bari."

Hagu ya shafa leɓensa da ya fashe. Sufeto ya sa a wanke masa baki, a zaunar da shi a ciki, kada kowa ya kusance shi.

"Sauranku kuma," ya ce, "ban manta da tambayata ta farko ba. Mai Kafe, Kofur, mu je."

Kafen na warin gumi da ƙurar waya. Kwamfutar da aka sace ta lungu ce, bayan ginshiƙi. An bar allo, an bar kibod da maus, akwatin kawai aka ɗauke.

"Ita ce mafi kyau a nan," in ji Mai Kafe. "Kullum da mutum a kanta. Har faɗa ake yi."

Sufeto ya bi layin yana duba sauran kibod ɗin. A kowanne, maɓallai huɗu na gefen hagu sun yi sanƙo, haruffan sun goge, maiƙon yatsu ya sa suna sheƙi. Ya dawo lungu. Wannan kibod ɗin haruffansa sababbi fil. Ya shafa yatsa a kai, ya ɗago da ƙura.

"Masu faɗa a kanta, da safar hannu suke zuwa?"

Mai Kafe ya yi tari.

Sufeto ya sunkuya. Bangon bayan tebur ya yi baƙi daidai inda iskar akwatin ke fita, irin baƙin da ba a yi shi a wata ɗaya. Kujerar wurin kuwa, kwalayen lemon kwalba ne a kanta.

"Na'ura tana aiki har ta ƙona bango, amma ba mai taɓa ta, ba mai zama a gabanta," ya ce. "Kofur, ka taɓa ganin haka?"

"Firij ɗin ofis, yallaɓai."

Sai Sufeto ya lura da wayoyin da aka bari. Ba a fizge ko ɗaya ba. An kwance kowace a tsanake, an naɗe ta zagaye-zagaye, an ɗaure da guntun jar waya, an murɗe bakin sau biyu.

"Ɓarawon naka mai tarbiyya ne. Wa ke da makulli?"

"Ni da Hagu. Yakan zo da wuri kafin a cika, saboda tsokana."

"Ku biyu kaɗai?"

"Mu biyu kaɗai," in ji Mai Kafe, yana kallon ginshiƙi.

Sufeto ya sa naɗin waya ɗaya a aljihu. A ƙasan matakala maigadi ya shaida masa cewa ya ga Hagu ya hau da sassafe, ya sauko da wani abu a jaka.

Da suka koma ofis, sun tarar da wata mata a kanta, zaren ɗinki a manne jikin mayafinta, tana yi wa Saje ruwan masifa. Yayar Hagu ce, tela.

"Kai ne Sufeton? To ga bot ɗin ƙanena!" Ta zazzage leda a kan tebur. Fedar keken ɗinki ce, an tattaka ta, an tsinke wayarta. "Daga tsohon kekena na cire. Hannu ɗaya ba ya isar masa maus da maɓallai, sai muka jona masa wannan, yana takawa da ƙafa. Shekara guda yaron nan yana kwance yana kallon silin bayan hatsarin, ko wanka sai na yi masa tsawa. Wasan nan ne ya fitar da shi ƙofa. Yau sun ƙwace ta a jakarsa sun tattake, wai sun kama inji!"

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji Hagu daga benci.

"Rufe mini baki. Haƙurinka ne ya kawo mu nan."

Sufeto ya ja kujera ya zauna gabansa. "Ina kake da sassafe?"

"Gida, yallaɓai."

"Maigadi ya gan ka a matakala da jaka."

Hagu ya sunkuyar da kai. "Na je. Na ji suna cewa za su fasa fedar, sai na je in ɗauke ta kafin su zo. Na ji tsoron in na faɗa za ka ce ni ne."

"Ƙarya ita ce za ta sa in ce kai ne. Ka duba lungu?"

"Ba mai duba lungu. Tun da nake zuwa ban taɓa ganin mutum a wurin ba. Allon a kashe yake, fankar akwatin ce kawai ke kuka."

"Me ya sa aka rufe kowa aka bar ka?"

"A zangon akwai wani ɓangare da ake cewa 'kowa da guminsa.' In ka shiga, ba ka saye, ba ka sayarwa, ko kyauta ba ta shiga hannunka. Abin da ka tsinta shi ne naka. Ni a can nake."

"Don me? Ba ya fi wuya ba?"

"Ya fi." Ya dubi hannunsa na dama. "Tun da hannun nan ya mutu, komai yi mini ake yi. Ina son abu ɗaya da ba wanda zai ce shi ya ba ni."

Yayarsa ta juya baya tana gyara mayafi.

Sufeto ya cire wayar butar shayi ya miƙa masa tare da guntun waya. "Ba don wulaƙanci ba. Naɗe mini wannan, ka ɗaure."

Hagu ya danne da gwiwa, ya kama da haƙora, ya yi ta fama. Abin da ya fito ƙulli ne karkatacce, da shatin haƙori a jiki. Sufeto ya ciro naɗin aljihunsa ya ajiye kusa da shi. Kofur ya leƙo, ya duba wannan, ya duba wancan, ya koma wurinsa ba tare da ya yi raha ba.

"Cikin waɗanda aka rufe, wa ya fi hankali?" Sufeto ya tambaya.

"Nas," in ji Hagu. "Tana aiki a ƙaramin asibitin bayan kasuwa. Ita ba ta taɓa kirana inji ba. A gabana dai."

Sufeto da Kofur sun same ta a lokacin hutunta, a bencin bayan ɗakin magani, takalmanta a cire. Da jin maganar rufe akawun ta hau.

"Kamfanin nan bai da kunya! Wata da watanni muna kai ƙarar Gafiya. Sun rufe ta sau ɗaya, washegari sai ga wata Gafiya a kogo ɗaya. Amma mu, rana ɗaya suka share mu. Ka rubuta musu, manhaja ce za ta ba ka amsa. Bot ke hukunta mu a kan bot! Ga zango kamar ana korar ka da bulala. Wanda ke tsaye a kan marasa lafiya tun safe, yaushe zai kamo wanda ba ya tashi daga kujera?"

"Shi ya sa kika sayi zinare?"

"Ni? Ban taɓa saye ba."

"To me suka ce laifinki?"

Ta ɗauki takalmi ɗaya tana juya shi. "Wai zinaren bot ya shiga akawun ɗina."

"Da ƙafarsa ya shiga?"

"Kyauta ce. A farkon zango Tsintsiya yakan raba wa 'yan ƙungiya, ya ce daga asusun ƙungiya ne, don mu tashi da ƙarfi."

"Kyauta zalla?"

"Ta farko." Muryarta ta yi ƙasa. "In kana son ƙari, ka ba shi na shayi. Ba ma kiransa saye."

"Wa ke zuba zinare a asusun ƙungiyar?"

Ta ajiye takalmin. "Ban taɓa tambaya ba."

Ba ta taɓa tambaya ba. Ku riƙe wannan maganar. Mutane masu ilimi, masu iya lissafin ƙarfin takobi har ɗigo, suna karɓar zinare daga rijiyar da ba wanda ke zuba mata ruwa, sannan su hau dandalin intanet su rubuta dogayen saƙonni cewa kamfani ya gaza, a kori masu bot har abada.

"Kowa ya karɓa?" in ji Sufeto.

"Kowa. Sai Hagu, shi ba ya iya karɓa." Ta tsaya cak, kamar yanzu ta ji abin da ta faɗa. "Innalillahi."

"Ta yaya kuka san Gafiya daga kafenku take? Duniya ce fa ke wasan."

"In aka ɗauke wuta a ginin, wanda ke wasa daga gida sai ya ga ta ɓace. Wuta na dawowa, sai ga ta. Mun daɗe da lura."

"Yanzu tana nan?"

Nas ta buɗe laftof ɗinta, ta jona da intanet ɗin wayarta, ta shiga da sabon akawun da ta buɗe. Ta kai ƙaramin jaruminta bakin kogo. Ba a jima ba wata jaruma mai baƙin sulke ta fito da gudu, ta zagaya dutse, ta koma. Ta sake fitowa, ta zagaya dutsen nan, ta koma, sawu a kan sawu.

"Da safe ta ɓace na ɗan lokaci," in ji Nas. "Sai ta dawo."

"Sa takalmanki. Kawo na'urar."

La'asar ta yi lokacin da suka isa ginin. Labari ya riga su, 'yan wasa sun cika gindin matakala. Tsintsiya yana ƙofar shagonsa, hannu a aljihu.

"Ranka ya daɗe, ya amsa laifinsa?"

"Tukuna. Gafiya na nan tana aiki, shi kuwa yana hannunmu."

"Ai haka bot yake, ba ya buƙatar mutum. Duk inda ya ɓoye kwamfutar, can take aiki. A bincike gidan yayarsa."

"Saje ya bincika. Keken ɗinki ya samu, da yadi." Sufeto ya nuna akwatin mitoci da ke jikin bango. "Kofur, kowane shago da makunninsa. Kashe su ɗaya bayan ɗaya. Nas, idonki a kan Gafiya."

Kofur ya kashe na kafe. Fankokin sama suka tsaya.

"Tana gudu," in ji Nas.

Ya kashe na mai aski. Wani mutum ya leƙo da rabin kai a aske yana zagi.

"Tana gudu."

Ya kashe na mai hoto, ya kashe na mai gyara. Fitilar shagon Tsintsiya ta mutu.

Nas ta ƙura wa allo ido. "Har yanzu tana gudu, yallaɓai."

Tsintsiya ya yi murmushi, ya juya ga taron. "Kun gani? Ana ɓata mana lokaci ana kare ɓarawo. Ni na faɗa tun farko..."

"Shiru!" Sufeto ya daka tsawa. "Kowa ya yi shiru."

Ginin da ba ya taɓa yin shiru ya yi tsit. Ba fanka, ba injin aski, ba kiɗa. A cikin tsit ɗin sai aka ji wani ɗan ƙara daga can cikin duhun shagon gyara. Ɗit. Aka jima. Ɗit.

"Mene ne wancan?"

"Wayar wani kwastoma ce," in ji Tsintsiya.

"Ba waya ba ce," in ji wani daga cikin taron. "Batirin ajiya ne. Haka yake kuka in an ɗauke wuta."

Sufeto ya kunna tocila ya shiga. Ya wuce teburin gyara, inda kowace waya ke rataye a ƙusa, a naɗe zagaye-zagaye, ɗaure da jar waya, bakin a murɗe sau biyu. A lungun ciki akwai tulin matattun talabijin, an rufa musu tsohon labule. Ya ɗage labulen. Akwatin kwamfuta ne, da lambar kafen a manne jikinsa, da ɗuminsa, fankarsa na juyawa. An jona shi da batiri, shi da na'urar intanet.

"Mai Kafe, zo ka ga kayanka."

Mai Kafe ya zo, ya gani, ya jingina da ƙofa.

"Nas, duba." Sufeto ya zare wayar intanet daga bayan akwatin.

"Ta tsaya!" in ji Nas. "Ta tsaya a tsakiyar kogo. Dodanni sun rufe ta... ta faɗi."

Taron ya juya ya zuba wa Tsintsiya ido.

"Kawo mini gyara aka yi," in ji Tsintsiya. "Hagu ne ya kawo."

"Ya sauko da ita matakala da hannu ɗaya, a jakar da feda ta cika, ya naɗe wayoyin irin naɗinka, sannan ya saya mata batiri?" Sufeto ya ciro naɗin aljihunsa ya rataye a ƙusa kusa da 'yan'uwansa. Ba ka iya bambanta su. Ya juya ga Mai Kafe. "Makulli nawa ne? Ka yi tunani, domin amsar nan ita za ta nuna inda za ka kwana."

"Uku," in ji Mai Kafe da ƙyar. "Ya yi hayar lungun. Ya ce gwaje-gwaje yake yi, kada kowa ya taɓa. Wallahi ban san shi ya ɗauke ba. Na dai yi zargi. Na ji tsoron in an gano a kafena ake bot, kowa zai gudu."

"Sai ka gwammace a ɗaure mai hannu ɗaya."

Tsintsiya ya zauna a kan kujerar gyara. Farar rigarsa ta jiƙe.

"Da suka ce za a duba kwamfutoci, ba ni da mafita," ya ce. "Na ɗauke ta kafin maigadi ya buɗe gaba, ta ƙofar baya. Hagu yana da makulli, yana da na'urarsa, kowa dama yana jin haushinsa. Ban ce a dake shi ba."

"Ka dai nuna shi da yatsa ka koma gefe. Abu ɗaya ban gane ba. Da ka kashe ta ka tura ƙarƙashin gado, da ban same ta yau ba. Me ya sa ka sake kunnawa?"

Tsintsiya ya ɗago, da mamaki na gaske a fuskarsa, kamar an tambaye shi me ya sa yake numfashi.

"Zango zai rufe ƙarshen mako, ranka ya daɗe. Yanzu ne kowa ke neman zinare ido rufe. Ba a kashe bot a makon ƙarshe."

Wani ya zage shi daga baya. Sai Tsintsiya ya miƙe, ya fuskanci taron, ya manta da ladabinsa.

"Kai, yi mini shiru! Kai ba ka karɓa ba? Wa ya turo mini saƙo jiya, bayan an rufe shi, wai ko da sauran kaya don sabon akawun? In faɗi sunaye? Kullum kuna kuka bot ya ɓata wasa, da yamma ku zo ku ce Tsintsiya a taimaka. Ni na tilasta muku? Kun san babu wani asusun ƙungiya. Kun sani sarai!"

Ba wanda ya ƙaryata shi. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin: maƙaryacin ne kaɗai ya faɗi gaskiya a gindin matakalar nan.

Kofur ya sa wa Tsintsiya ankwa. "Sata, ƙarar ƙarya, da tunzura jama'a. Mu je, shugaba."

Sufeto ya tsaya a bakin mota ya dubi sauran. "Da safe na yi tambaya, ba a amsa ba. Wa ya dake shi? Maigadi yana da ido, kuma ya fi ku ƙwaƙwalwa. Wanda ya kawo kansa kafin in aiko, zai ga bambanci."

Aka tura Tsintsiya cikin mota, aka tafi da shi.

Washegari Sufeto da kansa ya raka Hagu kafen don ya karɓi bayanin Mai Kafe a rubuce. Yayar ta zo da wata feda. Daga keken da take aiki da shi ta cire.

"Yaya, da me za ki yi ɗinki?"

"Da hannu zan juya. Mako ɗaya ba zai kashe ni ba. Zauna ka gama abin da ka fara, ka hau saman allon nan su gani."

Ta durƙusa ta jona masa. 'Yan wasan da ke wurin suka yi kamar suna aiki, kowa na satar kallo. Hagu ya sa ƙafa a feda, ya rubuta sunansa da yatsu biyar, ya danna.

Wani akwati ya fito a tsakiyar allo. Ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya janye ƙafarsa daga fedar a hankali.

"Mene ne?" in ji yayarsa.

Nas da ke tsaye a bayansu ce ta karanta mata. An dakatar da akawun ɗin saboda yawan ƙorafin 'yan wasa cewa bot ne. Za a duba, amma ba a faɗi yaushe ba.

A wasan akwai wani ɗan maɓalli na kai ƙara. Dannawa ɗaya ne, ba a tambayarka hujja, ba a nuna sunanka. Ranar da aka rufe su, Tsintsiya ya ce kowa ya danna a kan Hagu, ya kuma tura wa abokai na nesa su ma su danna. Suka danna. Manhajar kamfani ba ta san feda ba, ba ta san hannu ba. Yawa kawai ta gani.

"Na danna," in ji Nas, ba ta kalli kowa ba. "Ni ma na danna."

Yayar ta juya ga Sufeto. "Yallaɓai, ka kama ɓarawo. Wannan fa? Wa za ka kama?"

Sufeto ya kalli allon. Ya cire tabarau ya goge.

"Zan ba shi takardar shaida cewa ba shi da laifi, da hatimin ofis. Iyakar hannuna ke nan, Hajiya. Ba ni da ankwar da ke shiga maɓalli."

Hagu bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya sunkuya ya cire fedar, ya naɗe wayarta da gwiwa da haƙori, ya miƙa wa yayarsa.

"Ki mayar a kekenki, Yaya. Kina da ɗinkin mutane."

"Ba zan mayar ba," ta ce. Ta ajiye ta a kan tebur, a gaban kowa. "Nan za ta zauna, su yi ta kallonta."

Tana nan har yanzu, kuma zangon bai rufe ba tukuna.

Saura kai. Kada ka ce mini kamfani ne, na san kamfani ne, kuma na san ba ya jin murya ɗaya. Yawa yake ji. Da yawa kuka rufe mutumin nan, da yawa za ku buɗe shi. In ka danna, buɗe shafin ƙorafi yau, ba gobe ba, ka rubuta da sunanka cewa ƙarya ka yi, ba ka ga komai ba, bin taro ka yi. Ka nemi mutum mai ido ya duba, ba manhaja ba. In ba ka danna ba amma ka karɓi zinaren da ba ka san mahaƙinsa ba, daina yi mana wa'azi a dandali, ka daina saye. In kuma kai ne wanda ya ƙara sautin abin sauraro ranar da ake kiransa inji, cire shi daga kunnenka, ka tashi, ka bi abokanka ɗaya bayan ɗaya har sai sun rubuta.

Fedar tana kan tebur. Ka je ka kalle ta, sannan ka zauna ka rubuta.